Lokacin Shuka da Yawan Irin Ciyawar Kiwo: Tambayoyi da Amsoshi ga Manoma da Makiyayan Jihar Maraɗi

Noman ciyawa domin a yanka wa dabbobi daban, nomanta domin a girbi iri daban. Mai neman ganye ko ya makara da shuka zai samu abin da zai ɗaura. Mai neman iri kuwa makarar mako biyu ko uku takan cinye masa rabin wahalarsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda manoma, makiyaya da ƙungiyoyin farfaɗo da makiyaya suka fi yawan yi a kan gamba, kyasuwa, komayya da dawar kiwo.

Ciyawa fa ce. Daji cike yake da ita ba wanda ya shuka, to me zai sa lokacin shukarta ya zama abin magana?

Ciyawar daji ma tana da lokacinta, sai dai ba mu lura da asarar da take yi. Ƙwayoyi dubbai ke zuba a kowane taku, wasu su tsira da ruwan farko su mutu, wasu su jira na biyu ko na uku. Daji yana da rarar iri da zai yi wannan caca. Kai mai buhu guda da ka saya ko ka tara da hannunka ba ka da ita.

Sannan irin da za ka girba abubuwa uku ne ke haɗa shi: yawan kawunan da suka fito a fili, yawan ƙwayar da ke kowane kai, da kuma ko ƙwayar ta cika ko holoƙo ce. Yawan kai ya dogara ga ƴaƴan da tushe ya yi kafin lokacin fure. Cikar ƙwaya ta dogara ga danshin da ya rage a ƙasa bayan fure. Ranar shuka tana taɓa duka biyun.

Me ya sa gamba da kyasuwa ba sa jiran su girma kafin su fitar da kai?

Wannan ita ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta. Gamba, wadda malaman tsirrai ke kira Andropogon gayanus, da kyasuwa ba sa ƙirga kwanakin da suka yi a ƙasa. Tsawon yini suke bi. A Maraɗi yini mafi tsawo yana zuwa wajen 21 ga Yuni, awa 13 saura ƴan mintoci. Daga nan yana raguwa a hankali, ya kai wajen awa 12 a ƙarshen Satumba, ya sauka zuwa kimanin awa 11 da minti 20 a Disamba. Bambancin a idonmu ba wani abu ba ne, amma ganyen ciyawa yana jin sa. Da yini ya gajarta ya kai wani mizani, sai tushe ya daina yin sababbin ƴaƴa ya koma ɗaukar ciki. Manoman da suka san maiwa da dawar gargajiya mai nauyi sun san wannan hali: ko ka shuka da wuri ko ka makara, kusan tare suke fitar da kai.

Gamba a nan tana fitar da kai daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba. Yi lissafi da kanka. Wanda ya shuka 25 ga Yuni, zuwa farkon Oktoba gambarsa ta samu kwana 100 tana kafa saiwa tana yin ƴaƴa. Wanda ya shuka 10 ga Agusta bai wuce kwana 55 ba. Gamba kuma sananniya ce wajen nawa a farkon rayuwarta: makonni huɗu zuwa shida na farko ƴar siririya ce kamar zare, aikinta duk yana ƙarƙashin ƙasa. Idan ka cire waɗannan makonnin daga kwana 55, me ya rage? Shi ya sa gambar da aka shuka a Agusta takan ƙare shekararta ta farko da kara biyu ko uku a tushe, wani tushen ma ba ya fitar da kai sam, domin ɗan da bai kai wani girma ba ba ya amsa kiran gajartar yini.

Kyasuwa ta fi gamba sauri, kuma da yake ciyawar shekara ɗaya ce, dole ta yi iri ko ta halin ƙaƙa. Za ta yi. Amma ka kwatanta wadda ta tsira farkon Yuli a gindin gawo ta kai ƙirjin mutum da rassa ko'ina, da wadda ta tsira tsakiyar Agusta ta fitar da kai tana iya gwiwa. Duka biyun sun yi iri, sai dai ɗaya kawuna da dama, ɗaya ƙwara biyu.

To a faɗa mana ranar kawai. Yaushe za a shuka?

Rana guda ba ta yi wa jihar duka, domin daminar Gabi ba ita ce ta Barmo ba.

A kudu, wato Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi da kudancin Gidan Runji da Agiye, inda ruwan shekara yake kai milimita 500 zuwa 600, damina takan zauna a ƙarshen Yuni ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Nan lokacin shukar gamba da kyasuwa domin iri shi ne daga wajen 20 ga Yuni zuwa 15 ga Yuli. Da wuri a cikin wannan tsakani ya fi.

A tsakiya, Tasawa, Mayahi da arewacin Gidan Runji, a jira farkon Yuli, kada kuma a wuce 20 ga wata.

Daga Dakwaro zuwa sama ruwa bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, damina wata biyu ce da ƴan kwanaki. Gamba tana son aƙalla milimita 400, saboda haka a can sai a kwari ko inda ruwa ke taruwa, kuma kada a sa rai da iri a shekarar farko. Komayya da sauran ciyayi masu gajeren zango su suka dace da wurin, a shuka su da ruwan kirki na farko a cikin Yuli.

Waɗannan ranaku iyaka ce kawai. Ƙasa ce ke ba da izini.

Wane irin ruwa ne ya isa a shuka a kansa?

Ma'aikatan yanayi a Sahel suna ɗaukar damina ta fara ne idan an samu milimita 20 ko fiye a cikin kwana uku a jere, ba tare da fari na fiye da mako guda ya biyo baya a cikin watan ba. Sharaɗi na biyu ba wanda ya san shi sai bayan ya wuce, amma na farko ana iya aunawa. In ƙauyenku akwai ma'aunin ruwan sama, ku tambayi mai kula da shi. In babu, a tona da hannu washegarin ruwa: danshi ya kai taƙi guda, wato santimita 15 zuwa 20, ya haɗe ba busasshiyar ƙasa a tsakani.

Ciyawa ta fi hatsi tsanani a wannan. Hatsi ana binne shi da ɗan zurfi, inda danshi ke jimawa. Irin gamba ba ya son ya wuce santimita 1 zuwa 2 a ƙasa, komayya ko rabin santimita ya yi mata yawa. Wannan saman rairayi shi ne ke fara bushewa, wani lokaci cikin yini guda. Saboda haka ruwan da ya isa shukar hatsi ba lallai ya isa ciyawa ba. Mafi kyau shi ne ruwa na biyu da ya sauka a kan ƙasa mai danshi, a shuka da yamma ko ranar da gari ya lumshe.

Tunda da wuri ya fi, me zai hana in yi binne tun watan Mayu, ko in shuka da ruwan farko?

Abin da ke hanawa shi ne yaudarar ruwan bazara. Milimita 8 ko 10 sun isa su tada ƙwaya, ba su isa su riƙe tsiron ba. In kwana goma suka wuce ba wani ruwa, saman jigawa da tsakar rana a Mayu da Yuni yana wuce digiri 50, tsiron da saiwarsa ba ta kai tsawon yatsa ba ya ƙone. Wanda ya kuɓuta daga zafi, iskar da ke gaban hadari ta zo da rairayi ta yanke shi ko ta binne shi. Irin da bai tsira ba kuma tururuwa tana kwashewa zuwa raminta, zabi da kurciyoyi su tsince saura. Irin gamba da na kyasuwa ga gashi, ga rashin nauyi, iska kaɗai ta isa ta tattara shi gindin geza.

Wuri ɗaya ne shuka a busasshiyar ƙasa take da hujja: cikin ramukan rabin wata ko tassa a kan fako, inda ɗan ruwa kaɗan ke taruwa ya yi zurfi. Ko a nan ma a dakata sai ƙarshen Yuni, a rufe irin da ɗan taki ruɓaɓɓe, kuma a ajiye kashi ɗaya cikin uku na irin a gida domin cike gurbi.

Wannan ajiya ta kashi ɗaya cikin uku, a gaskiya, ta kamata ga kowa, ba masu rabin wata kaɗai ba.

Ba mu da hannu a lokacin. Shukar hatsi da noman farko sun cinye kowa. In mun bari sai bayan maimai fa?

Nan ne mafi yawan gonakin iri suke lalacewa, kuma ba don rashin sani ba. Ba wanda zai ce magidanci ya bar hatsinsa ya tafi shuka ciyawa. Amma bayan maimai an shiga Agusta, kuma Agusta ba watan shukar iri ba ne ko da yake shi ne watan da ya fi ruwa. Ban da gajartar kwanakin da muka lissafa, ruwan marka mai ƙarfi yana wanke ƙananan ƙwayoyi ko ya danne su, a ƙasar geza kuma ya bar ɓawo a sama wanda tsiro ba ya iya hudawa. Karangiya, guɗe-guɗe da garmani sun riga sun miƙe sun kama wuri. Sannan fure zai faɗo bayan ruwa ya ɗauke a kan tushen da saiwarsa ba ta yi zurfi ba, sai kai ya fito fari tas, ka murza ba komai ciki.

Mafita ita ce a rage fili, ba a jinkirta ba. Kwata ɗin hekta da aka shuka a kwanakin da ke tsakanin gama shukar hatsi da fara noman farko ya fi hekta guda ta Agusta. Mutum biyu da sungumi suna gama kwata a safiya ɗaya in an share filin tun rani, an kuma haɗa irin da rairayi tun da dare.

Na riga na makara. Akwai abin da zai rage asarar?

Akwai, amma ba zai maida abin yadda yake ba.

A matse shuka. Gambar da aka shuka a kan lokaci ana ba ta santimita 80 tsakanin layi da 80 tsakanin rami, wato ramuka 15,625 a hekta, ko mita guda da rabin mita, ramuka 20,000. Wadda ta makara ba za ta yi faɗin da zai cike wannan wuri ba, sai a koma 50 da 50, ramuka 40,000, yawan tushe ya ɗan maye gurbin ƴaƴan da ba a samu ba. Shekara mai zuwa sai a cire na tsakani a dasa wani wuri.

Ko a bar ƙwaya a koma dashe. A haƙo tsohon tushen gamba, a tsaga shi gida-gida, kowane yanki da ƴaƴa uku zuwa biyar da saiwarsu, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20, a dasa a ranar cikin ƙasa mai laima, a taka gindin sosai. Dashe yana tsallake makonnin nawa na farko gaba ɗaya. Wanda aka yi daga tsakiyar Yuli zuwa makon farko na Agusta yakan fitar da kai a shekarar. Bayan tsakiyar Agusta dashe ma yana iya kamawa, amma irin sai baɗi.

In kuwa an wuce nan, a sauya niyya: a ɗauki shekarar a matsayin ta kafa gona, a tsare ta daga dabbobi da wuta, a jira iri a shekara ta biyu.

Abin da ba ya aiki shi ne zuba yuriya da yawa don a kamo lokaci. Taki ba ya ƙara tsawon yini. Ganye zai yi kore shar, ya shanye ɗan danshin da ya rage, ƙwaya ta rasa.

Ana iya renon gamba kamar yadda ake renon albasa ko tumatir?

Ƙwarai, kuma ga mai rijiya ko wanda ke kusa da Gulbin Maraɗi ko lambunan Jiratawa, wannan ita ce hanya mafi tabbas ta samun iri tun shekarar farko. A yi kwami a inuwa marar duhu wajen tsakiyar Mayu, a yafa iri a layi, a rufe da rairayi kaɗan da ɗan buntu ko ciyawa, a riƙa ba da ruwa safe da yamma. Bayan mako biyar ko shida, daidai lokacin da damina ta zauna, a cire da ƙasar gindinsu a dasa biyu-biyu. Ka ci ribar wata guda da rabi ba tare da ka yi caca da ruwan bazara ba, kuma irin da za ka kashe bai kai na shuka kai tsaye ba.

Nawa ne irin da ake bukata, kuma yaya ake shuka shi?

Buhun irin gamba yawancinsa gashi ne da ƙaiƙayi. Kafin a ce kilo nawa, sai an san nawa ne mai rai a ciki. A ɗebi ƙwaya 100 daga wurare daban-daban na buhun ba tare da zaɓe ba, a jera a kan rairayi mai laima a cikin kwano, a ajiye a inuwa, a ƙirga abin da ya tsira bayan mako biyu zuwa uku. A yi wannan tun farkon Yuni, ba ranar da hadari ya haɗu ba. In 10 ko 12 kacal suka fito, to kilo 10 na buhunka kilo ɗaya da ɗoriya ne na gaske. Da irin da ba a tace ba mai matsakaicin kyau, kilo 8 zuwa 10 a hekta suna isa shukar rami. In gwaji ya nuna rauni, a ƙara.

Don kada iska ta ɗauke shi, a cuɗa irin da rairayi mai ɗan laima ko taki ruɓaɓɓe da aka tankaɗe. A sara rami marar zurfi, a sa ɗan tsunkule, a ja ƙasa kaɗan a danna da tafin ƙafa. Dannawar nan ita ke haɗa ƙwaya da danshi. Da yawa suna barinta. Bayan mako uku zuwa huɗu a cire, a bar tsiro biyu ko uku a rami.

Komayya ƙwayarta kamar gari take. Awo ɗaya na iri, awo goma na busasshen rairayi, a yafa a kan ƙasar da aka ɗan karce, a ja reshen ƙaya a kai sau ɗaya. Ba a binne ta.

Dawar kiwo ma haka take?

A'a, ita lissafinta dabam ne. Yawancin nau'o'in dawar kiwo masu sauri, irin su ciyawar Sudan, kwanaki suke ƙirgawa: fure wajen kwana 55 zuwa 70, iri ya ƙosa tsakanin kwana 90 da 110. Saboda haka ranar shuka ita ke tsaida ranar girbi, kuma kuskure yana iya zuwa ta kowane ɓangare. In ka shuka farkon Yuni da ban ruwa ko da sa'ar ruwan wuri, ƙwaya za ta nuna cikin ruwa, ta yi baƙi da fumfuna, ƙarfin tsirarta ya ragu, ga tsuntsaye da ba su da wata gona sai taka. In ka makara zuwa Agusta, furenka zai zo bayan na dawar maƙwabta, lokacin da ɗan ƙudan nan mai saka ƙwai a cikin furen dawa ya riga ya hayayyafa, sai kai ya fito ba ƙwaya. A kudancin jihar kwana goman farko na Yuli sun fi dacewa: fure a farkon Satumba da sauran ruwa, girbi a Oktoba gari ya bushe.

Abubuwa biyu a riƙe. Tana barbara da dawar abinci, don haka gonar iri ta nisanci kowace gonar dawa da kamar mita 400. Kuma ƙaramar dawa da ba ta kai santimita 60 ba, ko wadda fari ya taɓa ta sake toho, tana da guba mai kashe dabba nan take. Kada a ba dabbobi abin da aka cire lokacin ragewa sai ya bushe.

Gambar da ta riga ta kafu fa? Ai ita ba a sake shuka ta.

A shekara ta biyu zuwa gaba, ranar yanka ta ƙarshe ita ke tsayawa a matsayin ranar shuka. Tsohon tushe yana toho da ruwan farko, wani lokaci ma kafin ruwa. In aka bar shi tun Yuni ba a taɓa ba, zai haura mita biyu zuwa uku, ya kwanta da iska, kawuna su nuna ba tare ba, girbi ya yi wuya. In aka ci gaba da yanka ko kiwo har ƙarshen Agusta, sabon toho ba zai kai girman fitar da kai ba. Tsaka-tsakin shi ne a yanka sau ɗaya a bar santimita 20 zuwa 30, mako shida zuwa takwas kafin lokacin fure, wato daga ƙarshen Yuli zuwa makon farko na Agusta, a zuba taki, a rufe gonar. Ganyen da aka yanka a lokacin shi ne ma mafi amfani ga dabba.

Wanda yake son dogon kara domin zana ko rufin rumbu, shi kada ya yanka. Zai samu kara, irin ne zai fi wahalar tarawa. Kowa ya san abin da ya fi kawo masa kuɗi a kasuwarsu.

Taki da noma, yaushe?

Jigawar Maraɗi tana da ƙarancin sinadarin fosfo, kuma shi ne saiwa ke bukata da farko. Buhu biyu na takin zamani 15-15-15, kilo 100 a hekta, lokacin shuka, a gefen rami ba a kan iri ba. Yuriya buhu guda bayan mako huɗu zuwa biyar, a kan ƙasa mai laima, bayan an yi noma. Ga tsohuwar gona, buhu ɗaya zuwa biyu na yuriya nan da nan bayan yankan da muka ambata. Takin gida yana da kyau in ya ruɓe. Ɗanye yana zuwa da irin ciyayin da kake gudu.

Noma biyu a cikin kwana 40 na farko. Shi ya sa muke nacewa a kan layi: ƙaramar gamba da ƙaramar karangiya sai mai ido ke rarrabe su, in ba layi mai hauya zai share duka.

Yaya zan san irin ya isa girbi, kuma lokacin shuka yana da hannu a nan?

Yana da hannu. Gonar da ta tsira rana ɗaya tana nuna kusan tare. Wadda aka yi ta cike gurbi har sau uku, wani tushen yana zubar da iri wani yana fure, duk ranar da ka zaɓa ka yi asara.

Gamba takan isa mako biyar zuwa shida bayan fara fure, galibi daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Alama: a kama kai a ja a hankali cikin tafin hannu, in ƙwayoyi suka biyo hannu ba tare da ƙarfi ba, kuma na saman kai sun fara zuba da kansu, lokaci ya yi. A yanka da lauje da sassafe da sauran raɓa. A jera kawunan a kan tamfal a inuwa, kai na fuskantar kai, tsibi bai wuce tsayin gwiwa zuwa cinya ba, a rufe da ciyawa kwana uku ko huɗu su yi gumi. Gumin nan yana sa ƙwaya ta saki da sauƙi. A riƙa tura hannu ciki. In zafi ya fi ƙarfin hannu a buɗe, domin zafi yana kashe iri. Daga nan a kakkaɓe, a shanya a inuwa ana juyawa har ya bushe.

Kyasuwa a Oktoba ake zage ta da hannu ko a yanka kawunan, kuma ba ta jira: iskar hunturu ta kwana biyu ta isa ta kwashe ta.

A tuna cewa waɗannan makonni su ne lokacin da garken arewa ke gangarowa, dabbobin gari ma ana fara sassauta musu, ciyawa ta bushe wuta na jiran dalili. Gonar iri tana bukatar shinge ko mai tsaro, da hanyar da aka share kewaye da ita, har a gama kwashewa.

Irin da na girba bana, zan iya shuka shi nan take da ban ruwa?

Sabon irin gamba da na kyasuwa yana barci na wasu watanni. In ka gwada shi a Disamba kaɗan zai tsira, kada ka zubar da shi ka ce ya mutu. Zuwa Mayu da Yuni ya farka, daidai lokacin da ake bukatarsa. Ban da haka, sanyin dare na Disamba da Janairu yana tsaida girman waɗannan ciyayi, gajeren yini kuma yana sa su fitar da kai suna ƙanana. Shukar rani ba hanyar samun iri ba ce a gare su.

A ajiye shi a buhun da iska ke shiga, a kan katako, a ɗakin ƙasa mai sanyi, ba ƙarƙashin kwano ba. A rubuta shekarar girbi a jikin buhu. Irin da ya kwana damina biyu ƙarfinsa ya ragu sosai, sai an sake gwada shi kafin a dogara da shi.

Ta yaya ƙungiyarmu za ta gane lokacin da ya fi dacewa da ƙasarmu, ba ta jin magana kawai ba?

Ku ware fili iri ɗaya, ku yanka shi gida uku, kowanne mita 10 da mita 10, da ratar mita guda a tsakani. Iri ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. Ku shuka na farko da ruwan kirki na farko, na biyu bayan mako biyu, na uku bayan mako huɗu, ku rubuta ranakun da ruwan da ya sauka. Lokacin fure ku ƙirga kawuna a tushe goma na tsakiyar kowane gida, ban da na gefe. Ku girbe kowanne dabam, ku auna bayan ya bushe, sannan a watan Mayu ku yi gwajin ƙwaya 100 ga kowanne, domin buhun da ya fi nauyi ba lallai shi ya fi rai ba. Ku maimaita damina biyu ko uku kafin ku yanke hukunci, kuma ku nuna wa malamin gona na yankinku ko ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna abin da kuka rubuta.